Zagayen Birni da Zango Tare da 'Yan Jagora: Abin da Baƙo Zai Samu da Abin da Sai Ya Tambaya

A Zinder akwai samarin da suka mayar da rakiyar baƙi cikin tsofaffin unguwannin gari sana'a. Suna karɓar mutum ɗaya ko ayari tun da sassafe, su zaga da su cikin Birni, su kai su fadar Sarkin Damagaram, su gangara da su Zango, sannan su sallame su wajen azahar. Wasu daga cikinsu sun yi karatu a jami'ar garin, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihin Damagaram André Salifou, wasu kuwa 'ya'yan unguwar ne da suka tashi suna jin labari a bakin kakanninsu, suka haɗa da abin da suka tsinta a lakwal. Na nemi hidimar wata ƙungiya daga cikinsu a hunturun da ya biyo bayan daminar 2024, saboda surukaina da suka zo daga Katsina suna son ganin garin da idonsu, kuma ra'ayina a dunƙule shi ne aikinsu ya cancanci kuɗin da ake biya, sai dai sun fi ƙwarewa nesa ba kusa ba a labarin sarauta da yaƙi a kan labarin malanta da addini, alhali garin da suke nunawa ya tsaya ne a kan duka biyun.

Shirin bai ba mu wahala ba. Mun yi magana ta tarho, aka tambaye mu yawanmu da shekarun dattawan da ke cikinmu, aka ba mu shawarar mu fito kafin rana ta ɗaga. Ba su da tsayayyen farashi, ciniki ake yi, kuma mu mun daidaita a kan jika 10 na kuɗin sefa ga ayarin gaba ɗaya, ban da kuɗin adaidaita da za ta ɗauke mu daga Birni zuwa Zango. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne jagoran ya gaya mana tun kafin mu haɗu cewa mu tanadi ɗan goron da za mu miƙa wa dogarai a ƙofar fada da wanda za mu ajiye a gaban duk dattijon da ya buɗe mana zaurensa, kuma ya ce wannan ba ya cikin ladansa, kada mu ba shi a hannu. Mutumin da ya raba kuɗinsa da haƙƙin masu gida tun daga farko ya nuna ya san inda zai kai mutane.

Daga kan wani dutse ya fara, cikin manyan duwatsun nan da suka yi wa Birni rumfa, waɗanda gidaje suka ratsa tsakaninsu har wani lokaci bangon ɗaki ya jingina da jikin dutse. Daga can ana hango rufin soraye da hasumiyoyin masallatai da tudun da barikin soja yake, wato tsohuwar ganuwar da Faransawa suka gina suka sa mata sunan kyaftin ɗinsu Cazemajou, wadda bayan samun 'yancin kai aka mayar da ita ga sunan Sarkin Damagaram Tanimu. Ya gargaɗe mu cewa wurin na soja ne, ba a shiga kuma ba a ɗaga tarho a yi hoto ta wannan fuska. A nan ya shimfiɗa asalin masarautar: an kafa ta a ƙarni na 18 a hannun zuriyar wani malami da ya fito daga ƙasar Barno, ta zauna tana kai gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa, tana kuma haɗiye ƙananan sarautun da ke kewaye da ita, cikinsu har da Mirya. Shi ya sa sarautun fada irin su Kaigama da Ciroma da Shatima suke da ƙamshin Barebari, ko da yake harshen gari da na kasuwa Hausa ne. Surukina, wanda ya taso a ƙasar da tutar Shehu Usmanu ta yi mulki, ya yi mamaki da ya ji cewa Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, har ma ta yi ta gwabzawa da Kano a zamanin Sarkin Kano Alu. Jagoran ya amsa masa cikin ladabi, yana kiransa Baba, bai yi fariyar da 'yan gari sukan yi a irin wannan gaɓa ba, kuma na yaba masa da hakan.

Sunan Tanimu ɗan Sulaimanu ne ya fi yawa a bakinsa, kuma da dalili. A tsawon mulkinsa, wanda ya ƙare da rasuwarsa a 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, aka gina fadar da ake gani yau, aka tara bindigogi, har maƙeran gari suka riƙa zuba igwa da hannunsu. Zinder ta zama mashigar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus da Gadamas da Gat, ya ratso ta Abzin, ya nufi Kano, ana shigo da tufafi da takarda da makamai da gishiri, ana fita da fatu da gashin jimina da bayi. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852. Ganuwar Birni dai yanzu sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma jagoran bai ɓata mana lokaci yana ƙoƙarin nuna mana abin da babu shi ba. Ya nuna mana inda ta bi, muka wuce.

Inda hidimar ta fi burge ni shi ne cikin lungunan Birni, domin a nan ne aka ga bambanci tsakanin wanda ya haddace labari da wanda ya san gini. Jagoran namu jikan magini ne, kuma ya tsayar da mu a gaban wani tsohon gida da gefen bangonsa ya zube, inda cikin bangon ya fito fili. Ya sa kowannenmu ya kalli yadda aka jera tubali, irin mulmulallen nan mai faɗin gindi da tsinin kai, kowane sahu a zaune cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Ya kankaro ɗan yaɓe da farce ya nuna mana ja-ja-jan makuba a cikinsa, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake haɗawa da ƙasa don ruwan sama ya zame ya sauka bai ci bango ba. Daga nan ya yi sallama a zauren maƙwabta, mai gidan ya ba mu izini, muka tuɓe takalma muka shiga, ya ce mu ɗaga kai. Rufin ɗaurin guga ne, bakan gizo huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an jera azara ta giginya a tsakaninsu cikin tsari mai kyau, hayaƙin fitilar shekaru ya mayar da ita baƙa wuluk, amma ko gara ba ta taɓa ta ba. A waje rana ta fara zafi, a cikin zauren kuwa har surukata ta ja mayafinta saboda sanyi. Ya bayyana mana cewa zankwayen da ke saman soro suna ƙara wa kusurwa nauyi, kuma magini yana ɗaura igiya a jikinsu idan zai hau yin yaɓe, indararo kuma shi ne ran gidan ƙasa, domin ranar da ya toshe ruwa zai kwanta a kan rufi, kuma daga nan rushewa take farawa.

Wannan bayani ya sauya yadda muka kalli sauran unguwar. Bayansa kowa a cikinmu ya fara gane gidan da ake yi wa yaɓe kowace shekara da wanda magada suka watse suka bari, da kuma wanda aka lulluɓe da siminti da niyyar gyara, alhali siminti yana kulle danshi a cikin bangon ƙasa har ya ruɓar da shi daga ciki, wata rana ɓawon ya ɓare gaba ɗaya. Zanen da ke fuskar gidaje, da dagi da takobi da sauran siffofi masu launi da magina suke fitarwa a kewayen ƙofa, ya ce a da shi ne shaidar wadatar mai gida da matsayinsa. Ya kuma gaya mana cewa tun 2006 aka sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da Nijar take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, kuma tsohon garin Agadas ya samu wannan amincewa a 2013, Zinder kuwa tana jira. A ganina ya kamata duk Badamagare ya san wannan, domin gidajen da za su sa a amince ɗin su ne waɗanda damina take ragewa ɗaya bayan ɗaya.

A fada jagoran ya yi abin da ya dace. Ya bar mu a inuwa, ya je ya durƙusa ya gaida dogarai, waɗanda ke zaune a ƙofa cikin rigunansu na ja da kore, ya faɗi daga inda baƙin suka fito, sannan ya dawo ya koya wa yaran da ke cikinmu yadda za su ɗaga hannu su ce Allah ya ja zamanin sarki idan sun ga wani basarake ya fito. An ba mu wani bafade ya shiga da mu zaurukan da aka yarda baƙo ya gani, kuma a nan jagoran ya yi shiru ya bar mai wuri ya yi magana, yana ƙara bayani ne kawai idan an tambaye shi. Fadar tana aiki har gobe, mutane na zaune a ƙofa da ƙararrakinsu na gado da gona da aure suna jiran a shigar da su, don haka baƙo ya san cewa gidan mutane ya shiga, kuma iyakar da aka nuna masa ita ce iyakarsa.

Da muka fito ne ya ba mu labarin zuwan Nasara, kuma nan ne gwanintarsa ta fito sosai. A watan Mayu na 1898 aka kashe kyaftin ɗin Faransa Cazemajou a Zinder, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga ɗan Tanimu, saboda fada ta ji tsoron cewa zai wuce ya haɗa kai da Rabe, mayaƙin da ya fito daga Sudan, wanda ya riga ya ci Kukawa tun 1893. A shekarar da ta biyo, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar kisa da ƙone-ƙone a hanyarta har da abin da ta yi a Birnin Ƙonni, ta nufo gabas; shugabannin biyu sun mutu a hannun sojojinsu kafin su iso, amma ragowar rundunar ta haɗu da mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, ta rinjaye su, ta shiga gari, kuma ba a daɗe ba aka kashe Kuran Daga. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi gudun hijira, suka bar garin shekaru ba sarki na jini. Zinder ta zama babban birnin mulkin mallaka na Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da hedikwata Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha, wanda har yau Damagarawa suke fama da shi, yana cikin dalilan da aka bayar. Duk wannan ya faɗe shi a tsare, ba tare da ya duba takarda ba. Na kuma girmama shi da bai tsallake maganar bauta ba: ya faɗa a fili cewa wani kaso na dukiyar da ta gina ganuwa da fada daga harin ƙauyuka da sayar da mutane ya fito, kuma akwai zuriyar waɗanda aka kama da ta waɗanda suka kama duka a cikin garin, shi ya sa ake taka maganar a hankali.

Daga fada muka je wurin tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, wanda ruwan sama mai yawa ya rusa a farkon Satumban 2024. Duk wanda yake Zinder a wannan rana ya san yadda labarin ya ratsa gari, da yadda dattawan da suka yi sallah a cikinsa tun suna yara suka tsaya suna kallo ba su iya cewa komai ba. A nan na sa ran jagoran zai zauna da mu ya yi dogon bayani, domin idan gini ya faɗi, bakin mai ba da labari ne kaɗai ya rage wa baƙo. Abin da muka samu bai wuce 'yan jimloli ba: ya faɗi zamanin da aka gina shi, ya nuna mana hotonsa na da a tarho, ya ce Allah ya sa a maido da shi, ya duba agogo. Surukina ya tambaye shi su wane ne suka yi limanci a wurin, wane gida ne yake riƙe da limancin, waɗanne littattafai ake karantarwa a harabarsa, kuma yaya alaƙar liman da alƙali da sarki take a da. Ya amsa da gaskiya cewa wannan fanni ba a koya musu shi ba, kuma baƙin da suka saba rakawa ba sa tambaya.

Wannan shi ne babban giɓin hidimar, kuma ina ganin na gane tushensa. An tsara zagayen ne tun zamanin da Turawa masu yawon buɗe ido suke sauka Zinder a hanyarsu ta zuwa Agadas, mutanen da abin da ke jan hankalinsu shi ne sarki da dawaki da zanen bango da kabarin 'yan ƙasarsu. Waɗannan baƙi sun yi ƙaranci ƙwarai saboda halin tsaro, masu zuwa yanzu kuwa 'yan makaranta ne da 'yan Maraɗi da Tawa da Yamai da 'yan'uwanmu na Kano da Katsina da Daura, mutanen da suka yi karatun allo, suka san Ahalari da Ishmawi da Risala, kuma tambayarsu ta farko a kowane tsohon gari ita ce ina malamansa. Masarautar da ta samo asali daga malami, wadda take kan hanyar almajiran da ke tafiya gabas neman haddar Alƙur'ani, wadda 'yan Ƙadiriyya da 'yan Tijjaniyya suka yi zamani a cikinta, har 'yan Sanusiyya suka shigo ta tare da fataken arewa, bai kamata a ba da labarinta a bar wannan a gefe ba.

Da ya ga mun nace, sai ya yi abin da ya fanshi ranar. Ya ce akwai wani alaramma a bayan layin da suke gaisawa da mahaifinsa, bari ya nemi izini. Muka tarar da dattijon a zaure a kan buzu, alluna jingine a bango, gardawa biyu suna tilawa a ƙasa-ƙasa. Jagoran ya durƙusa ya ce, Allah gafarta Malam, baƙi ne daga Katsina suke son ganin rubutun hannu. Malam ya sa aka ɗauko gafaka ta jan fata da ta sha hannu har ta yi sheƙi, ya kwance igiyarta, ya fito da Alƙur'ani warwara, ganye-ganye ba ɗinki, a tsakanin allunan kwali biyu. Rubutun mai kauri ne irin na Barno, a ruwayar Warshu, baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigo ne na rawaya, kuma a kowane hizbi da sumuni an yi zayyana a gefen shafi. A ƙasan kowane ganye an rubuta kalmar da ganye na gaba zai fara da ita, don idan iska ta watsa su a iya mayarwa. Ya ce daga ka aka rubuta shi, ba a kallon wani, kuma a al'adarsu sai mutum ya yi haka ake ce masa ya sauke da gaske. Ya nuna mana alƙalaminsa na kara da yadda ake fere shi, ya kuma ce ana dafa tawada ne da ƙaro don ta kama takarda. Surukina ya karanta aya biyu daga shafin da aka buɗe, Malam ya gyara masa wani madda cikin murmushi, suka yi musabaha, aka yi mana addu'a. Wannan ɗan zama shi baƙina suka fi ambata bayan sun koma gida, kuma ba ya cikin tsarin zagayen kwata-kwata. Da ba mu matsa ba da ba mu gan shi ba. Ina roƙon masu wannan hidima su nemi yardar irin waɗannan malamai, su sa ziyararsu cikin shiri, su kuma zauna a gabansu su koyi silsilar malaman gari kamar yadda suka haddace jerin sarakuna.

Game da abin da ya gabaci Musulunci da abin da ya zauna tare da shi, wato bori da al'adun Azna da girmama wasu duwatsu da itatuwa, jagoran ya taɓa shi a gurguje, da alamar jin nauyi. Na fahimci dalilinsa, domin magana ce da take iya jawo wa mutum suka a unguwa. Duk da haka tarihi ne, kuma ana iya faɗin cewa kakanni sun yi kaza ba tare da an yi kira a koma gare shi ba. Wasannin gari ma sun samu 'yan kalmomi kawai: hawan sallah, da hawan ƙaho na mahauta, da wasan kara, inda samari suke kwaikwayon sarki da gwamna da manyan gwamnati da kayan da suka ƙera da karan hatsi. Wanda yake son waɗannan sai ya daidaita zuwansa da lokacinsu.

Zango muka je a ƙarshe, kuma lokacin rana ta take, dattawa sun gaji. Unguwar ta samo asali ne daga masaukin ayarin Abzinawa da fataken arewa, waɗanda suke sauke raƙumansu a wajen ganuwa, har wurin ya zama gari mai zaman kansa, kuma attajiransa suka gina gidajen da wasunsu sun fi na Birni ado. Jagoran ya ambaci Malam Yaro, babban attajirin da ya yi hulɗa da Larabawa da Faransawa, wanda shi ma zargin 1906 ya rutsa da shi. Zango ta cancanci safiya guda ita kaɗai, kuma cusa ta a wutsiyar zagaye rashin adalci ne gare ta da kuma ga mai biya. Daga nan aka kai mu wurin dukawa, inda muka ga ana rina fata ana ɗinka jaka da takalmi da matashi, aikin kuwa mai kyau ne. Sai dai an kai mu rumfa ɗaya tak, an kuma tsaya a kanmu har sai da muka saya, kuma daga baya na ga irin jakar a wata rumfa da rangwame mai yawa. Idan jagora yana da kaso a cinikin, babu laifi a sana'a, amma ya faɗa tun farko kamar yadda ya faɗi maganar goron dogarai, ya kuma bar baƙo ya zaga ya taya da kansa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suke bukatar gyara. Bayanin da aka haddace da Faransanci aka haddace shi, shi ya sa idan jagoran ya zo kan shekaru da sunayen muƙamai sai harshensa ya koma can, baƙi daga Najeriya kuma su rasa kan zancen har sai an maimaita. Ba su tanadi ruwan sha ba, kuma a cikin lungunan Birni ba ko'ina ake samun na sayarwa ba, don haka kowa ya riƙo nasa. Babu mace ko ɗaya a cikin ƙungiyar, wannan kuwa asara ce, domin surukata da 'ya'yanta mata an yi musu izinin shiga cikin gida a wurare biyu, suka shiga ba mai yi musu bayani, alhali adon ɗaki da jeren kwalla da tasoshi da labarin da tsofaffin mata suke riƙe da shi rabin tarihin gidan ne. A gefen yabo kuma, ya hana yaranmu ɗaukar hoton mata da almajirai ba da izini ba, ya kuma yi hakan da taushin murya, ba wanda ya ji kunya.

Wanda zai nemi wannan hidima, shawarata ita ce ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya fito da an idar da sallar asuba gari ya waye, ya kuma raba zagayen gida biyu, Birni da fada a safiya ɗaya, Zango da dukawa da gidan adana kayan tarihi na jiha a wata, ko da zai ƙara kuɗi. Idan ya haɗa da ranar Alhamis zai tarar da kasuwa ta cika, ya sayi alkaki da kilishi na tsaraba. Ya sa takalmin da ake tuɓewa da sauƙi, mata su riƙo mayafi, kuma a kauce wa lokacin sallar Juma'a. Tun a tarho ya faɗa wa jagoran cewa yana son a kai shi zauren malami da wurin magini, ya tambaya ko a cikinsu akwai ɗan Birni da ya yi karatun allo mai zurfi, ya ce shi yake so a ba shi, kuma a yi maganar rumfar dukawa kafin a tashi.